Zaren Majigin da Aka Ɗinke

Ran Lahadi da hantsi, Zelig mai juya majigi ya buɗe gwangwanin fim a gidan kallo na Feivel, a unguwar Yahudawa ta Niyok. An yanke zaren fim ɗin. An cire kamu biyu daga tsakiya, an ɗinke bakin da allura.

Feivel ya kira ɗan sanda, ya nuna Zelig. "Shi ke taɓa fim ɗin. A rufe min shi!"

Ɗan sandan da ya zo shi ne Padover mai bincike. Ɗan unguwar ne, sai dai ya aske gemu tuni. Ya ɗaga zaren ga haske. Fim ne marar magana, labarin wasu iyali da suka gudo daga Rasha bayan an ƙone garinsu.

"Yaushe ka haska shi na ƙarshe?"

"Jiya Asabar," in ji Zelig. "Lafiya lau yake. Yallaɓai, ni da gam nake haɗa fim. Na yi maka kama da tela?"

"Makulli fa?"

"Yana kan ƙusa bayan labule. Ko kyanwar gidan nan ta sani."

Feivel ya tsoma baki. "To Gutman ne, mai gidan kallo na tsallaken titi. Hassada za ta kashe shi."

"Da shi ne, ashana ɗaya ta isa," in ji Padover. "Maƙiyi ba ya ɗinki. Zelig, me ke cikin abin da aka cire? Wurin da ake dukan mutane?"

"Dukan yana nan. Gobarar ma. Wurin da sojoji suka jefar da Attaura a ƙasa ne kawai. Ta gaske ce suka ɗauka, har rubutun ana iya karantawa."

"Wa ba ya zuwa aiki ran Asabar?"

"Reb Anshel, tsohon da ke yi wa fim ɗin kiɗan goge. Kullum in an zo wurin nan sai ya runtse ido."

Padover ya mayar da hularsa. Su ukun suka gangara majami'ar Yahudawa da ke ƙarƙashin shagon burodi. A kusurwa akwai akwatin da ake ajiye tsofaffin takardu masu sunan Ubangiji kafin a binne su. Ya ɗaga murfin. Zaren yana ciki, naɗe da farin ƙyalle.

"Ɓarawo sayarwa yake, maƙiyi ƙonawa," ya ce wa Feivel. "Wannan bai yar ba, domin ba a zubar da sunan Ubangiji a shara. Kuma ya haƙura har Asabar ta fita, tunda a addininmu ba a yanka ko ɗinki a ranar."

Reb Anshel yana zaune a benci. Bai musa ba. Ya dubi Padover, ya kira shi da sunansa na ƙuruciya.

"Hirsh ɗan Leah, kai ne? Ina gemun?"

"Baba, da an rufe Zelig saboda kai," in ji Padover.

"Da na kai kaina. Zelig, yafe min, ɗana." Ya dubi hannuwansa. "A garinmu na ga Attaura a ƙasa, cikin taɓo. Ina ƙarƙashin amalanke, ban fito ba. Yanzu kuma kullum a jefar da ita a gabana, ni ina kiɗa. Wannan karon na ɗauke ta."

Feivel ya daɗe yana kallon ƙyallen. Sannan ya rufe akwatin da kansa.

"Zelig, je ka sa gam. Dama fim ɗin ya yi tsawo."