Gadar Giginya

A can baya, a wani gari da rafi ya raba biyu, an yi wasu maƙwabta, Jatau da Tanko. Kullum da la'asar sai su shimfiɗa tabarma a bakin rafin, su yi ta gardama a kan wanda ya dace ya zama mai unguwa.

Jatau yakan ce, "Idan nawa ya hau, zai yi mana gada."

Tanko yakan ce, "Haba! Sai dai idan nawa ya hau."

Rannan suna cikin haka sai ga tsohuwar maƙwabciyarsu, Goggo Lantana, ta dawo daga kasuwa da ƙwaryar gero a kai. Ta shiga ruwa, santsi ya kwashe ta, geron ya bi rafi. Suka ruga suka tsamo ta.

Tana matse zane ta ce, "'Ya'yana, kafin naku ya hau, ni yau me zan ci?"

Jatau ya tashi ya ɗebo mata gero a rumbunsa. Tanko kuwa ya je ya wasa gatarinsa.

Washegari suka saro itatuwan giginya. Suna ja suna gardama, suna ɗaurewa suna gardama. Maƙwabta suka jiyo hayaniya, suka fito rabon faɗa, sai suka tarar aiki ake yi. Kowa ya kama, mata suka kawo kunu.

Kafin magariba gada ta tsaya. Goggo Lantana ce ta fara hawa. Da ta kai tsakiya sai ta rangaɗa guɗa, ta kama rawa, ta ƙi sauka, har sai da masu jiran wucewa suka roƙe ta suna dariya.