Kafaɗar Auta

Akwai wata yarinya da kowa a gidansu yake kira Auta. Ba ta da rashin kunya, ba ta faɗa da kowa. Matsalarta ɗaya ce: son jiki.

Idan aka ce ta ɗauko tsintsiya, sai kanta ya fara ciwo. Da an kunna katun a talabijin kuwa, nan take ciwon zai warke. Ba a taɓa ganin magani mai saurin aiki kamar wannan ba.

"Ke dai 'yar hutu ce," in ji Yayanta wata rana.

"Na yarda," ta ce, tana tsotsar alewa. "Ni daɗi na zo ji a duniya."

"To wa zai wanke kwanon da kika ci abinci?"

"Mai neman lada."

Yaya ya yi dariya, ya ɗauki kwanon ya wanke. Haka aka saba yi mata, ita kuma ta ɗauka haka duniya take.

Ana nan sai Kaka, mahaifiyar Mama, ta zame a banɗaki ta ji ciwo a ƙugu. Aka yi mata aiki a asibiti. Da aka sallame ta, aka kawo ta gidan su Auta, aka ba ta ɗakin da yake ƙarshen baranda.

Likita ya kafa sharaɗi. Kullum da yamma sai Kaka ta taka daga ɗakinta har bakin ƙofar gida, ta dawo. Idan ba ta yi ba, ƙafar za ta sandare.

To amma wa za ta dafa? An sayo mata sanda, ta ce tsoronta take ji, don tana zamewa a kan siminti. Yaya ya yi mata tsawo da yawa. Mama kuma ba ta tasowa daga shagon ɗinki sai rana ta kusa faɗuwa.

Kaka ta dubi Auta sama da ƙasa.

"Zo nan, ƙawata," ta ce. Haka take kiranta.

Auta ta matso. Kaka ta ɗora hannu a kafaɗarta, ta yunƙura ta miƙe.

"Yauwa! Kamar an auna," in ji Kaka. "Ga sandata, mai baki da kunne."

Kowa ya yi dariya. Mama ta ce, "Auta, wannan aikinki ne. Na damƙa miki ƙafar Kakarki."

"To, Mama."

Da farko abin ya tafi daidai. Sai dai tafiyar Kaka ba ta sauri. Za ta ɗaga ƙafa, ta ajiye, ta tsaya ta yi nishi. Hannunta yana da nauyi, har kafaɗar Auta ta riƙa yin tsami. Abin da ya fi ci wa Auta rai kuwa, daidai lokacin ne ƙawarta ta maƙwabta take leƙowa ta taga.

"Ki zo mana! An fara katun, kuma an sayo mana biskit!"

Wata yamma sai dabara ta zo wa Auta. Ta tayar da Kaka, suka taka zuwa ƙofar ɗaki. Daga nan ta juyo da ita, ta zaunar a bakin gado.

"Yau ya isa haka, Kaka. Kar ki gaji."

Kaka ta kalle ta ta gefen ido. "Ni ce zan gaji, ko ke?"

Auta ta yi murmushi.

"To je ki, ƙawata," in ji Kaka.

Kafin ta rufe baki, Auta ta fice.

Da Mama ta dawo, ta ajiye jaka ta tambaya, "Kun taka yau?"

"Mun taka," in ji Auta.

A ranta ta ce ai ba ƙarya ta yi ba. Sun taka mana. Sai dai gaskiyar tata iyakarta ƙofar ɗaki.

Washegari ma haka aka yi. Rana ta uku ma haka. A hankali ko ƙofar ɗakin suka daina kaiwa. Daga gado zuwa kujera, shi ke nan an gama. Kullum Mama za ta tambaya, kullum amsar ɗaya ce.

"Ƙawata, yau ko za mu leƙa waje?" in ji Kaka wata rana. "Na kwana biyu ban ga titi ba."

"Gobe, Kaka."

Goben ba ta zo ba.

Ranar komawa asibiti ta faɗo a ranar da babu makaranta. Auta ta ce za ta bi su, don Mama ta yi mata alkawarin askirim a hanyar dawowa.

Ɗakin da ake koya wa marasa lafiya tafiya yana da faɗi. A tsakiyarsa akwai dogayen ƙarafa biyu da ake dafawa. A gefe kuma mutane suna zaune a kan benci, kowa yana jiran a kira shi.

Aka tsayar da Kaka tsakanin ƙarafan. Ta yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi. Ta sake gwadawa, gumi ya keto mata a goshi.

Likita ya durƙusa ya taɓa gwiwar, ya taɓa ƙugun. Ya ɓata fuska.

"Tana tafiya kullum kuwa?" ya tambayi Mama.

"Kullum, likita," in ji Mama. Ta jawo Auta ta shafa kanta. "Ga mai yi mata rakiya nan. Ko sau ɗaya ba ta taɓa fashi ba."

"Allah ya yi mata albarka," in ji wata mata daga kan benci.

"Irin waɗannan yaran sun yi wuya yanzu," in ji wani dattijo.

Auta ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi. Ta zuba wa takalmanta ido.

Likita ya girgiza kai. "Wannan ƙafar ba ta ga tafiya ba. Ko kusa." Ya juyo ya dubi Auta. "Yarinya, har ina kuke zuwa?"

Auta ta ɗago kai. Kafin ta ce uffan, Kaka ta riga ta.

"Likita, rabu da yarinya. Laifina ne. Kullum sai ta zo, ni ce nake cewa na gaji."

"Haba, Iya!" in ji likita. "Ƙaramar yarinya tana ƙoƙari a kanki, ke kuma kina son jiki? Da girmanki?"

Mutanen kan benci duk suka kalli Kaka.

Kaka ce fa! Matar da ta yi wankau da guga shekara da shekaru har ta raini 'ya'yanta. Matar da ko a kan gadon jinya take neman a miƙo mata kaya ta ninke. Yau ita ake kira mai son jiki a gaban jama'a.

Kaka ta sunkuyar da kai. "Na ji, likita. Zan gyara."

"Gara ki gyara," ya ce. "Idan kuka dawo ban ga canji ba, sai dai a nemo miki keken marasa lafiya. Wanda ya zauna a kansa a shekarunki, da wuya ya sake tashi."

Auta ta so ƙasa ta tsage ta shige. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Amma ba ta ce komai ba, kuma wannan shirun ya ƙara mata wata kunyar.

A hanya Mama ta sa direban tasin da suka shiga ya tsaya. Ta sayo askirim ta miƙa wa Auta.

"Karɓi. Ke kin yi naki ƙoƙarin."

Auta ta riƙe shi. Ta kasa kai shi baki. Ya riƙa narkewa yana bin yatsunta.

Mama ta juya wajen Kaka, muryarta a sanyaye. "Inna, don Allah ku daure. Ku dubi yarinyar nan mana. Ko don wahalar da take sha, ai kwa yi ƙoƙari."

Nan Auta ta fashe da kuka.

"Mama, ba Kaka ba ce! Ni ce!"

"Ke ce me?"

"Ba ma zuwa ƙofar gida. Daga gado zuwa kujera muke yi, sai in gudu kallon katun. Ta ce in kai ta waje, na ce gobe."

Mama ta juyo ta zuba mata ido. Har direban ya rage muryar rediyonsa.

"Amma kullum kina ce mini kun taka," in ji Mama.

"Mun taka," in ji Auta cikin shessheƙa. "Kaɗan."

"Kin san ba kaɗan nake tambaya ba."

"Na sani."

Mama ba ta yi tsawa ba. Da ma ta yi, da Auta ta fi samun sauƙi. Haka suka isa gida.

Bayan sun kwantar da Kaka, Mama ta zaunar da Auta a bakin gadon.

"Na tsaya gaban mutane na yabe ki," ta ce. "An ci fuskar mahaifiyata kina tsaye kina ji. Wanne ya fi yi miki zafi?"

"Na Kaka," in ji Auta, kanta a ƙasa.

"Saurara. Jin daɗi ba laifi ba ne. Ni ma ina son hutu. Amma idan kika ajiye aikinki kika tafi jin daɗi, aikin ba ɓacewa yake yi ba. Kan wani yake faɗawa. Da kwano ne, Yayanki zai wanke. Wannan karon a kan ƙafar Kakarki ya faɗa."

Auta ta durƙusa a gaban gado. "Kaka, ki yafe mini."

"Tashi, ƙawata. Na yafe."

"Ku ma, Inna, kun ɓoye mini," in ji Mama.

Kaka ta yi ajiyar zuciya. "Na ɓoye. Ina jiyo dariyar Auta ta taga, sai in kasa kiranta. Kuma in faɗa miki gaskiya, tafiyar nan da zafi. Duk ranar da ta ce ya isa, sai ni ma in ji daɗi. Mu biyu muka haɗu muka cuci ƙafar nan."

Tun daga yammar ranar suka koma aiki. Yanzu tafiyar ta fi ta da wahala, don ƙafar ta riga ta yi tauri. Wani lokaci Kaka takan tsaya a tsakiyar baranda ta ce, "Wash! Mu koma."

"A'a, Kaka. Saura kaɗan. Ga ƙofar can."

"Kai, yarinyar nan ta fi likita tsanani!"

Ƙawar Auta ta leƙo ta taga kamar kullum.

"Sai mun dawo daga ƙofa," in ji Auta.

"Ai kafin nan an gama!"

"To a gama."

Ranta ya so zuwa, ba a cewa bai so ba. Kafaɗarta ma ta yi ta ciwo. Amma ba ta sake yin fashi ba. Idan Mama ta tambaya, sai ta faɗi daidai inda suka kai.

Da suka koma asibiti, tun kafin a tsayar da Kaka, Auta ta matsa gaban likita. Ga mutane a kan benci suna kallo.

"Likita, rannan ba Kaka ce mai son jiki ba. Ni ce. Rufa mini asiri ta yi."

Likita ya dube ta, ya dubi Kaka. Sai ya cire tabarau, ya ɗan rusuna.

"Iya, ki gafarce ni. Na yi miki faɗan da ba naki ba."

"Ba komai, ɗana. Rabinsa nawa ne."

Kaka ta kama ƙarafan, ta taka har ƙarshe ta dawo. Likita ya tafa mata.

"A manta da maganar keke," ya ce. "Ku ci gaba yadda kuke yi."

Suka ci gaba. Daga ƙofar gida suka fara fita titi, har zuwa gindin wata bishiya da take kusa da shagon mai gyaran takalmi.

Wata yamma suna dawowa, Auta tana ta zuba labarin abin da ya faru a ajinsu. Ta yi nisa a cikin labarin, sai ta lura Kaka ba ta amsawa. Ta waiwaya.

Kaka tana can baya, ita kaɗai a tsakiyar hanya. Ba ta dafa komai ba. Tana tahowa a hankali, ta ɗan buɗe hannuwa, bakinta har kunne.

"Kaka!"

"Kar ki dawo," in ji Kaka. "Tsaya nan. Ni zan zo in same ki."

Auta ta tsaya. Tana dariya, hawaye yana zuba. Kaka ta taho har ta iso, ta rungume ta. Mai gyaran takalmi ya ajiye gudumarsa ya yi musu tafi.

A ranar Auta ta gane cewa daɗi iri biyu ne. Akwai wanda mutum yake ji shi kaɗai, wani yana shan wahala a madadinsa. Wannan ba ya daɗewa, kuma kunya ce take biyo bayansa. Akwai kuma daɗin da ake samu idan an taimaki wani. Shi wannan sai an gaji kafin a same shi, amma duk wanda ya ɗanɗana ya san ya fi.

"Mu je gida," in ji Kaka. "Ina so uwarki ta gani da idonta."