Gahawar Da Ta Huce Saboda Gwiwata

"Na fasa auren, Kaka! In na tafi wa zai riƙa sauko da ke daga hawa na uku?"

Jikata Hadil ke nan, hawaye shaɓe-shaɓe, alhali dangin Laith suna falo sun zo neman aurenta. An zuba wa baffansa Abu Ghassan gahawa, ya ajiye kofin yadda muke yi a garinmu Irbid, ba zai kurɓa ba sai an ce an ba su.

"Bar laɓewa bayan gwiwata, 'yar nan. Kina son sa?"

"Kamar raina..."

Ta labule muka jiyo baffan yana cika baki.

"Ɗanmu likitan ƙashi ne! Allurar mai ɗaya zai yi wa Hajiya, ranar biki ita za ta ja rawar dabka!"

Allurar hayaluronik yake nufi. Duk matan layinmu sun rantse da ita. Ni kuwa shekara talatin ina koyar da kimiyya, rantsuwa ba ta isata hujja. Na ja sandata na faɗa falon maza.

"Umma!" ɗana, mahaifin Hadil, ya zaro ido.

"Zauna. Kai likita, allurar nan tana aiki?"

Laith ya dubi baffansa, ya dubi kofin, gumi ya karyo masa.

"Gaskiya, Hajiya... wasu kan samu sauƙi na 'yan watanni. Amma da aka gwada ta da allurar ruwan gishiri, bambancin kaɗan ne. Ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye."

"Yaro, ka kashe mu!" in ji baffan.

"To mene ne maganin?" na tambayi Laith.

"Motsa jiki kullum. Da... rage kunafa."

Kunafata, kayan zaƙin da nake mutuwar so, a gaban maza!

Laith ya sunkuyar da kai. "Kuma na kama gidan da ke hawan ƙasa na benenku, da ɗakinki a ciki. Ba na so Hadil ta zaɓa tsakaninmu."

Bayan labule na ji kuka ya rikiɗe dariya.

Na dubi ɗana. "Wanda ya ƙi yi min ƙarya alhali gahawarsu tana ajiye, ba zai yi wa Hadil ba."

Ɗana ya yi murmushi. "Ku sha gahawarku."

Abu Ghassan ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Ta huce!"

Wata huɗu angon nan yana sa ni ɗaga ƙafa da safe, ina ɗagawa ina tsine masa. Ranar biki na yi taku biyar na dabka, Hadil a damana, shi a haguna.

Har gobe Abu Ghassan gaya wa mutane yake allurar ce. Kunafa kuwa, ban rage ko loma ba.