Mai Ginin Tukwane da Jikarta

A can wani gari an yi wata tsohuwa mai ginin tukwane. Aka kawo mata jikarta daga wata ƙasa, ba ta jin komai sai Turanci. Yarinya ta ƙi sakewa da kowa.

Tsohuwa ta nemi shawarar wata malamar makaranta. Malama ta ce, "Inna, ki ce 'let's', sannan ki faɗi aikin. Ma'anarsa mu yi tare."

Tsohuwa ta ce wa jikarta, "Let's eat," wato mu ci abinci. Maƙwabta suka yi dariya, yarinya ta kau da kai. Kashegari ma haka. Kunya ta kama tsohuwa, amma ba ta daina ba.

Ran na uku yarinya ta nuna yumɓu, ta ce, "Kaka, let's play," wato mu yi wasa. Suka zauna suka gina wata karkatacciyar tukunya.