Inuwar Bayan Labule

Ranar Talata ce, an wuni ana yayyafi a Sabon Tasha. Da yamma Sylvanus mai hoto ya shiga ɗakin aikinsa da ke gaban gida. Shekara da shekaru da filashi mai walƙiya ya mutu yake aiki, sai yanzu ya sayo fitilu masu zama a kunne. Ya kafa biyu a gaba, da ta uku ya haska bayan labulen da ake zama a gabansa, don ya kashe inuwar da ke ɓata masa hoto.

Ya zaunar da 'yarsa Hadassah a kujera don gwaji. Gari ya fara duhu, unguwa ta yi tsit.

Dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani dutsen ya faso taga, ya tsaga wa Sylvanus goshi. Ya leƙa waje, babu kowa. Da ya juyo, Hadassah ta kai fuskarta dab da fitila ta uku, ido buɗe, ba ta ƙiftawa. Ya riƙo ta, ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta maka shi da bango.

Matarsa Celina ta ruga ta kirawo Malam Samson, tsohon mai bishara da ya san sha'anin aljanu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi addu'a, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

Muryar tsoho ta fito daga bakin yarinyar. "Mazaunin bayan labule. Walƙiyar filashinsa nakan jure, in na rufe ido ta wuce. Wannan fitilar ba ta wucewa. Ta makantar mini da ɗa. 'Yarsa ma sai idonta ya tsiyaye."

Jan hawaye na gangarowa a kumatunta.

"Inuwa kawai na so in kashe," in ji Sylvanus daga ƙasa.

"Inuwar nan ɗakina ce, mai hoto!"

"Bai sani ba, ita kuma ba ta yi maka komai ba," in ji Malam Samson. "Faɗi abin da kake so."



"A bar mini duhuna."

"An bar maka. Fita, cikin sunan Ubangiji."

Sylvanus ya ja jiki ya fizge wayar fitila ta uku. Hadassah ta yi ƙara ta zube. Can ta ƙifta ido, ta ce, "Baba, goshinka jini."

Washegari ya kwance fitila ta uku ya tura ƙarƙashin gado. Matar da ya fara ɗauka ta duba hotonta ta ce, "Oga, wannan inuwar fa?"

"A bar ta," in ji shi.