Dare Uku a Ɗakin Rabo Mahaƙin Rijiya

Ranar Laraba, takwas ga watan Maris, na bar Dutsin-Ma a kan babur da ƙarfe biyar saura minti goma na yamma. A jakata akwai littafin rubutu, biro biyu, tocila da wayata. Na wuce Kurfi rana ta yi ja, na sauka daga kwalta na kama hanyar daji ta wajen Barkiya, hanyar da ba wanda ke son magariba ta riske shi a kanta. Ana idar da salla na shiga ƙauyen dangin mahaifiyata.

Abin da ya kai ni shi ne Rabo, ɗan ƙanwar mahaifiyata, mahaƙin rijiya. Wata guda ke nan wani abu yana tayar da shi cikin dare. Matarsa Batula ta kawo shi asibiti a Dutsin-Ma, inda na yi shekara ashirin da bakwai ina ajiye bayanan marasa lafiya kafin in yi ritaya. Likita ya ce abu biyu yake zato, kuma ba zai iya raba su ba sai an sami wanda ya gani da idonsa. Idan fargaba ce, mutum zai farka a firgice, zuciya tana dukan ƙirji, amma ya san inda yake, in an kira shi zai amsa, da safe kuma zai tuna komai. Idan farfaɗiyar dare ce, daga cikin barci take kama mutum, jiki ya sandare, ya yi ta fizga na minti ɗaya zuwa uku ba ya ji ba ya gani, sau da yawa ya ciji gefen harshe ko ya saki fitsari, ya tashi bai san an yi ba.

Rayuwar Rabo ce ta rataya a kan wannan bambanci. Yana tsakiyar haƙa wata rijiya a bayan gari, ta kai gaba goma sha ɗaya, an fara ganin danshi, kuma an sa ranar Asabar zai koma ciki. Mai fargaba yana iya sauka rijiya ya fito. Mai farfaɗiya idan ta kama shi a kan igiya, gawarsa za a ciro.

Batula ba ta da cikakkiyar shaidar da za ta bayar, domin tun bayan daren da abin ya fara kawunmu Sodangi, wanda shi ne babba a gidan, ya raba musu ɗaki. A zaure na same shi.

"Malam Zaharaddin, kai ne da magariba haka? Ko asibitin ne suka aiko ka?"

"Ni na aiko kaina, Kawu. Zan kwana da Rabo dare uku."

"Ɗaki guda? In yawunshi ya taɓa ka fa?"

"Wannan ciwo ba a ɗaukarsa ta yawu."

"Ciwo!" Ya yi dariya har da buga cinya. "Ku 'yan boko komi ciwo ne. Yaron ga ya fasa ma mutanen ɓoye rufin ɗaki, shi ke nan. An yi hayaƙi, an zuba masu nono bakin rijiya, sun haƙura. Asabar shi sauka shi ƙarasa aiki, mata sun gaji da tafiyar ruwa."

Na dube shi. Ga mutumin da ya tabbata akwai masu gida a ƙarƙashin ƙasa, kuma shi ne mai gaggawar zura musu ɗan ƙanwarsa. Yana ƙyamar yawun maras lafiya, amma yana jiran shan ruwan da maras lafiyar zai haƙo. Maza bakwai ne a gidan, dukansu da gemu, an rasa ɗaya da zai shimfiɗa tabarma kusa da ɗan'uwansa. Sun mayar da shi ɗakin ajiyar buhuna na ƙarshen gida, sun ware masa kwano da moɗa.

A wannan ɗakin na zauna, na jingina da buhun gero, littafi a kan cinya.

Daren farko, ƙarfe biyu saura minti ashirin, Rabo ya zabura ya zauna yana haki, ya dafe ƙirji, gumi yana zuba. Na kira sunansa. Ya amsa nan take: "Yaya Malam, numfashina zai tsaya, mutuwa zan yi." Na riƙe hannunsa, na sa shi ya bi numfashina a hankali. Minti goma sha takwas ya lafa. Harshensa lafiya, shimfiɗarsa a bushe. Da safe ya maimaita mini duk abin da muka faɗa, ya kuma gaya mini cewa wata guda da ya wuce gefen rijiyar ya zubo masa har zuwa ƙugu, bai faɗa wa kowa ba don kada a ce ya tsorata.

Dare na biyu haka aka yi, ƙarfe biyu da minti biyar, tsawon minti ashirin da biyu. Ba zan ɓoye ba, ranar Juma'a da la'asar na riga na rubuta cewa fargaba ce, na fara ɗaure jaka. Sai Batula ta leƙo ta bayan danga, murya ƙasa ƙasa.

"Yaya Malam, don Allah ka cika ukun. Wanda na gani daren da abin ya fara ba irin wanda kake faɗa ba ne. Ran nan bai yi magana ba."

Na kwance jakar.

Dare na uku zafi ya yi tsanani, ko ganye ba ya motsi. Na jingina wayata a kan buhu yadda za ta ɗauki shimfiɗarsa. Rabo yana barci, numfashinsa daidai.

Ƙarfe biyu da minti goma sha uku, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Wata biyar rabonmu da ruwan sama. Na duba moɗa, tana tsaye da ruwanta. Ƙamshin ya yi nauyi, ya koma warin laka mai sanyi wadda ba ta taɓa ganin rana ba.

Sai na ji bugu.

Dum. Shiru. Dum.

Ba daga waje yake zuwa ba. A tafin ƙafata na fara jin sa kafin kunnena. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ƙarar dagi a cikin ƙasa mai tauri.

Na rubuta lokacin. Na danna wayar ta fara ɗaukar bidiyo.

Rabo ya saki ƙara ɗaya, gajera, kamar an matse masa ciki. Jikinsa ya sandare, bayansa ya bar tabarma. Sai fizga, hannu da ƙafa tare. Na kira shi sau uku, bai amsa ba. Na juya shi a kan gefensa, na janye moɗa daga kusa da kansa, ban sa masa komai a baki ba. Yawu da jini suka gangaro mini a hannu.

Minti biyu da daƙiƙa goma. Ya saki jiki, ya shiga minshari mai nauyi.

Bugun bai tsaya ba.

Ina goge hannuna ya tashi zaune. Idanunsa a buɗe, ba kowa a cikinsu. Likita ya gargaɗe ni cewa bayan farfaɗiya mutum kan ruɗe, har ya yi tafiya bai sani ba. Wannan na san shi. Abin da ban sani ba shi ne dalilin da takunsa ya zo daidai da bugun.

Ya ture ƙyaure ya fita ta ƙofar baya. Na bi shi da tocila. Na kira mazan gidan da ƙarfi. Na ji motsi a ɗaki biyu, na ji an ƙara sa sakata.

Taku ɗari biyu ne zuwa rijiyar. Karnuka duk sun yi shiru.

Hasken tocilata ya sauka a kan gungumen da aka gitta a bakin ramin. Igiyar da ke ɗaure a jikinsa ta miƙe tsam, tana kaɗawa kaɗan kaɗan, gungumen yana ƙara. Igiyar da ba kowa a kanta ba ta yin haka.

Bugun ya tsaya.

Daga ƙasa, can ƙasa, murya ta taso a hankali.

"Rabo. Sauko. Saura kaɗan."

Muryar Rabo ce. Shi kuwa yana gabana, bakinsa a rufe, jini a haɓarsa.

Ya ɗaga ƙafa.

Na yar da tocila na rungumo ƙugunsa. Mutum ne da ya yi shekara ashirin yana ɗaga ƙasa, ni kuwa biro na sani. Ya ja ni taku biyu. Ragowar igiyar da ke nannaɗe a ƙasa ta zagayo idon sawuna, sanyi kamar cikin randa, ta matse.

Aka ja.

Na faɗi, ban sake shi ba, muka faɗi tare. Diddigena ya wuce bakin ramin. Iska mai sanyi tana hura mini ƙafa. Na fara Ayatul Kursiyyu. A tsakiyar tsoron sai wani fushi ya taso mini, na ce da ramin: "Tir da kai. Shekara ashirin yana sauka da ƙafarsa ba ka iya ba, sai da ka jira ciwo ya kayar da shi."

Na fizgi ƙafata. Takalmina ya zame, igiyar ta tafi da shi.

Na kasa kunne. Ban ji faɗuwarsa ba.

Na ja Rabo da baya, ƙasa tana goge mana fata, har muka kai gindin danga. Can ya ƙifta ido, ya dube ni, harshensa a kumbure.

"Yaya Malam, mi muke yi nan?"

Da gari ya waye na sa shi a mota daga Kurfi, Batula tana gefensa. Likita ya karanta shafukana uku, ya kalli bidiyon wayar sau biyu, ya duba gefen harshen. Ya ce duka biyun ne: fargaba tun daga zubowar ƙasa, da farfaɗiyar dare wadda fargabar ta kusa rufe mana ido a kanta. Ya tura shi Katsina gwajin ƙwaƙwalwa, ya ɗora shi a kan magani, ya hana shi rijiya da hawan sama. Har mun miƙe ya ƙara sautin wayar ya ce, "Malam, wace ce wannan ke daka ƙarfe biyun dare?"

Na ce ba kowa.

Yau wata biyar ke nan. Farfaɗiyar ba ta dawo ba, fargabar ta zo sau biyu. Batula ta mayar da mijinta ɗakinta a ranar da muka dawo, ba ta nemi izinin kowa ba. Rabo yana buga bulo a bakin hanya, ƙafarsa a kan ƙasa. An rufe ramin da kwanon rufi da ƙaya.

Makon jiya Kawu Sodangi ya zo Dutsin-Ma cin kasuwa, ya biyo ta gidana. Ya sha ruwa, ya yi ta kewaye, sannan ya ce, "To, Malam, kai da ka kwana can, ka faɗa mani gaskiya. Ciwo ne ko su ne? Don rijiyar nan saura kaɗan, hasara ce a bar ta."

Na ce, "Kawu, wanda yake da magani na kai wa likita, kuma an ba Rabo. Ɗayan kuwa, in kana son sani, igiya tana nan a ɗaure. Ka sauka ka tambaya."