Hajjo Ta Ƙi Tashi

Ranar wata Laraba da la'asar, Malama Rekiya tana zaune a tsakar gidanta a Shango tana duba littattafan 'yan aji huɗu, sai aka yi sallama. Irimiya ne, bakanike, abokin mijinta Jafaru tun suna yara a kwatas ɗin 'yan reluwe. Ya tambayi maigida, ta ce bai dawo daga sakatariya ba tukuna. Ya tsaya yana goge hannu da wani tsumma wanda ya fi hannun datti.

"To Madam, in ya dawo ka gaya masa Hajjo ba ta da lafiya. Tun jiya ta ƙi tashi, sai tari. Alhaji ya ce a kira shi, don ba ta jin hannun kowa sai nasa."

Ya hau kekensa ya tafi.

Rekiya ta ajiye jan biro. Ba kishi ne ya fara zo mata ba, nahawu ne. Irimiya ɗan Gbagyi ne, Hausarsa ta kasuwa ce, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ita kanta yanzun nan ya ce mata "ka". Matarsa Helen, mai 'ya'ya biyar, har gobe "ya tafi coci" yake ce mata. Amma ga shi ya jero "ta" har sau uku bai yi tuntuɓe ba. Rekiya ta ce a ranta, duk macen da ta iya gyara wa Irimiya Hausa ba ƙaramar mace ba ce, kuma ya kamata a san ta.

Da Jafaru ya dawo ta bari ya kai loma ta uku, sannan ta isar da saƙo kalma bayan kalma, kamar tana yi wa yara shifta. Ya tsame hannu daga tuwon. Ya tambaya ko Irimiya ya faɗi irin tarin, ta ce bai faɗa ba. Ta tambaye shi wace ce Hajjo. Ya dubi ƙofa, ya dubi kwano, ya ce wata ce a Maikunkele, tsohuwar magana ce, ba abin damuwa ba. Bai ƙara taɓa tuwon ba, wanda ya nuna iyakar rashin damuwar.

Shekara biyu ke nan da aurensu, kuma Jafaru mutum ne da ba a rasa komai a wurinsa sai bayani. Kowace Asabar yakan hau Basfarsa da sassafe ya ce zai je duba wani aiki, ya dawo bayan azahar yana ƙamshin sabulu, farcensa fes, fuskarsa kamar ta wanda ya je gaisuwar mara lafiya kuma ya ji daɗin zuwan. Ba ta taɓa tambaya ba. Yanzu aikin ya sami suna.

Kuskurenta ɗaya ne, ta yi shi ranar Juma'a a gidansu a Chanchaga, wurin sunan wata 'yar'uwa. Ta tambayi Gwaggo Jummai, ƙanwar mahaifinta, ko ta san wata Hajjo a dangin Jafaru. Tambaya ce ta neman sani kawai. Gwaggo kuwa ba ta taɓa karɓar tambaya ta mayar da ita yadda aka ba ta ba. Kafin a raba waina, Hajjo ta zama bazawara fara mai wushirya, Alhaji ya zama ubanta, an ɗaura aure a ɓoye tun bara, tarin kuma na laulayi ne. Kafin magariba labari ya kai kunnen Yaya Barau, wanda ya zama uba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma yake ɗaukar muƙamin da muhimmanci fiye da yadda marigayin ya ɗauka.

Barau ya ce shi ba ƙarin aure ne ya ɓata masa rai ba, munafunci ne. Ya yanke cewa gobe Asabar da la'asar Rekiya ta dawo gida da akwatinta, Jafaru kuma ya biyo ta da bayani, in ba shi da bayani ya zo da takarda. Rekiya ta yi kuka, rabi don tana son mijinta, rabi don haushin bakinta. Ta roƙi a ƙara mata mako guda. Gwaggo ta ce mako guda ai ya isa a yi wa Hajjo jere.

"Gobe da la'asar," in ji Barau. "In ba ki zo ba, ni zan zo."

Ba ta gaya wa Jafaru komai ba. Da safe ya hau Basfa, ita kuma ta ba shi ratar rabin awa, ta yafa gyale, ta shiga tasi zuwa Maikunkele. A hanya abin da ya fi cin ta shi ne ta ga fuskar matar. A bakin kasuwa ta tambayi wata mai nono ko ta san inda wani mai shuɗiyar Basfa yake zuwa duk Asabar. Mai nonon ta ce wa ne ne bai san shi ba, ai mai wankin Alhaji Sanda ne, ta nuna mata wani gida mai bishiyar mangwaro.

Ga Basfar a jingine. A ƙarƙashin mangwaron wata tsohuwar mota ce koriya, Moris, mai ƙusumbi kamar an kife ƙwarya, sai sheƙi take kamar yau aka fito da ita. Ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashinta, sanye da takalman da Rekiya ta sani sarai. Daga can ciki kuma muryar mijinta ce ke fitowa, a tausashe, irin tausasawar da ita kanta ba kullum take samu ba.

"Haba Hajjo, me aka yi miki? Gaya mini. Sun sake ba ki man kwalba, ko?"

Sai a lokacin Rekiya ta gane sirrin Irimiya. Mutumin da ya shekara ashirin yana jin direbobi na cewa ta mutu, ta tashi, ta ci taya, a Hausarsa mota ce kaɗai mace.

Wani dattijo dogo da ke zaune a kan tabarma ya amsa sallamarta. Shi ne Alhaji Sanda, dillalin shanu. Da ya ji ita ce matar mai ƙafafun, sai ya sa aka kawo mata kujera da kindirmo, ya rage murya, ya ce Allah ne ya kawo ta, don shi ma yana da tambaya. Ya ce shekara biyu da suka wuce ya sayi motar nan a hannun mijinta, ciniki ya faɗa, an yi shaida. Asabar ta farko sai ga mutumin da bokiti da soso. Alhaji ya ɗauka mantuwa ya yi. Ta biyu ya dawo da sifana. Tun daga nan bai fasa ba, ba ya karɓar ko goro. Ya taɓa neman a mayar masa da ita, Alhaji ya ƙi, don a sana'arsa in mutum ya sayar da saniya ya dawo yana shafa ta, to akwai abin da ya sani game da ita wanda mai saye bai sani ba. Ya sa an farke kujerar baya ko akwai laya, an cire ƙyauren ƙofa ko akwai zinariya. An sami kwabo ɗaya mai huji da tsinken sakace.

"Ke da kike kwana gida ɗaya da shi, 'yata, mene ne a cikin motar nan?"

Rekiya ta ce ita ma abin da ya kawo ta ke nan, har da kuɗin tasi.

Ƙafafun suka daina motsi. A hankali Jafaru ya jawo jiki ya fito, baƙin mai har goshi, ya ga matarsa da ƙwaryar kindirmo a hannu. Ya ce, "Sori," wanda shi ne duk Turancin da ya rage masa a lokacin.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaya masa cewa ƙarfe huɗu ana jiransu a Chanchaga, ita da akwati, shi da bayani ko takarda, don haka in yana da bayani gara ya gwada shi a nan tukuna. Ya zauna a kan bambar motar, ya yi magana mafi tsawo da ta taɓa ji daga bakinsa.

Motar ta mahaifinsa ce, Malam Ishaku, makanikin jirgin ƙasa a reluwe. Ya same ta a hannun wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu, a watan aikin Hajji, shi ya sa ya raɗa mata Hajjo. Allah bai ba shi 'ya mace ba, Jafaru ne kaɗai ɗansa, sai ya riƙa cewa ga ƙanwarka nan. Tare suke wanke ta duk Asabar. A cikinta aka kai mahaifin asibiti tafiyar da bai dawo ba, kuma a hanya, yana kwance a kujerar baya, ya ce masa ya riƙe ƙanwarsa da kyau.

Rekiya ta tambaye shi, to me ya sa ya sayar. Ita duk zatonta sha'awar Basfa ce ta kama shi, kamar sauran samarin sakatariya.

Ya dube ta da mamaki na gaske. Ya tuna mata ranar da ya fara zuwa zance da motar, tana zaure da ƙawayenta. Ta leƙo ta ce, in wannan ƙwaryar za a turo ɗaukar amarya, a bar ta, ita za ta taka da ƙafa. Ƙawayen suka yi dariya har da tafawa. A makon nan ya kai ta wurin dillali. Ya ce tun ranar da ya ga Alhaji ya ja ta ta sha kwana, bai ƙara wucewa ta maƙabarta da kai a ɗage ba. Kuma bai iya gaya mata ba, don kada ta ji kamar yana ɗora mata laifi.

Rekiya ta nemi maganar a kanta, da ƙyar ta samo ta. Ita ta manta da ita tun kafin ya juya motar a ƙofar gidansu. Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen gyale, ta tashi ta zagaya motar sau ɗaya, ta dawo gabansa.

"Malam, ka ce ƙanwarka ce?"

"Haka Baba ya ce."

"To tun yaushe aka hana mace tsokanar ƙanwar mijinta? Abokiyar wasata ce. Ni in ce mata ƙwarya, ita ta fesa mini hayaƙi, shi ke nan an biya juna. Wa ya ce ka shiga tsakaninmu? Da ka gabatar da mu kamar yadda ake yi, ai da ni zan riƙa zuba maka ruwan wankin."

Alhaji Sanda kuwa ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce ashe shekara biyu surukinsa ne ke masa wanki bai sani ba, wannan abin kunya ne a wurinsa. Jafaru ya yi ƙarfin hali ya sake tambaya ko za a mayar masa da ita. Alhaji ya ce a'a, shi bai saba sakin mace ba tare da laifi ba, kuma ya saba da ita. Amma matar da ta shekara biyu ba ta je ganin gida ba an zalunce ta. Ta je ta yi wata guda. Bayan haka duk sallah ta je, duk kuma lokacin da ta yi tari, a gidansu za ta yi jinya.

Ba abin da Jafaru ya roƙa ke nan ba, kuma ya san abin da ya sayar ya sayu. Amma ya karɓa da hannu biyu. Ya koma kan kafireta, ya sa Rekiya ta zauna a gaban sitiyari ta murɗa makulli in ya ce ta murɗa. A karo na huɗu Hajjo ta yi tari biyu, ta yi atishawa, ta kama.

Ƙarfe huɗu saura kwata suka tsaya a ƙofar gida a Chanchaga. Barau yana zaure cikin babbar riga, ya shirya jawabi. Gwaggo Jummai tana bayansa, ta shirya wanda ya fi nasa. Rekiya ta fito daga gidan gaba ba akwati, ta durƙusa ta gaishe su, ta nuna motar.

"Gwaggo, ga Hajjon. Ta zo gaishe ku."

Aka yi bayani, wannan karon daga bakin Jafaru, a tsugune. Barau ya saurara, ya yi gyaran murya, ya ce shi dama bai yarda da maganar ba tun farko. Gwaggo ta leƙa cikin motar, ta shafa kujera, ta ce ita dai ta ce akwai mace a cikin lamarin, kuma ga ta nan kowa ya gani.

Darasin ba mai tsawo ba ne. Kada ka yi wa abin wani dariya kafin ka tambayi abin da yake a wurinsa, don wasan da ka manta da shi kafin magariba wani yana iya ɗauke da shi shekaru. Miji kuma ya sani, shirun da yake yi don kada ya ɓata wa matarsa rai, wasu ne za su cike masa shi da abin da suka ga dama. Rekiya ta tsira da aurenta ne don ta yi haƙurin zuwa ta gani da idonta kafin ta ɗaure akwati.

Da suka tashi tafiya, Jafaru ya murɗa makulli, Hajjo ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Rekiya ta leƙo ta taga ta ce baƙunta ce, ba ta saba da dangin ba tukuna. Yaya Barau ya dubi hagu, ya dubi dama, bai ga kowa ba sai maƙwabtan da suka taru jin labarin saki. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya dafa bayan motar, ya ce wa Jafaru ya sa ta a giya ta biyu.